Kwanon Juma'a da Ragon Kaka

Tun ina aji huɗu na firamare aka ɗora mini aikin kai kwano. Kowace Juma'a da yamma mahaifiyata za ta ɗauko wata tsohuwar samira mai murfi, ta zuba abin da ya samu, ta rufe, ta ɗaure da ƙyalle. Sai Baba ya karɓa ya miƙo mini ya ce, "Ka gaishe da Inna." Ni kuwa in kama hanya daga gidanmu na Sabon Gari zuwa Ƙofar Atiku a nan Sakkwato, wurin kakata, gidan da aka haifi Baba, wanda bai sake taka ƙafarsa ciki ba tun kafin a haife ni.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Baba ɗan mahauta ne, kuma ɗan fari. Ya tafi koyarwa ƙasar Zuru yana saurayi, ya dawo da mata da kuma addinin da ba na gidansu ba. Aka faɗi abin da aka faɗa. Kakana ya rasu ba su shirya ba, gida ya koma hannun ƙanen Baba, wanda nake kira Baffa. Baffa bai taɓa kora ta ba, bai kuma taɓa yi mini maraba ba. In na yi sallama a zaure zai amsa, ya ci gaba da wasa wuƙarsa. Abin da ya rage tsakanin Baba da mahaifiyarsa duk duniya shi ne wannan kwano da ni mai ɗaukarsa, kuma kowa ya san Baffa ya kau da kai ne kawai don ana yin abin shiru.

Ban cika sanin abin da ke cikin kwanon ba. Wani lokaci sukari ne da ganyen shayi, wani lokaci sabulu, wani lokaci har da ɗan abin da Baba ya naɗe a takarda ya cusa a ƙasa. Kaka ba ta buɗewa a gabana. Sai ta shige ɗaki ta juye, ta sako ƙuli-ƙuli ko daddawa ko kuka, ta rufe ta ɗaure kamar yadda aka kawo. Ba ta taɓa mayar da shi wayam ba. Ba ta kuma taɓa kiran sunan Baba ba, saboda kunyar ɗan fari. Abin da take cewa shi ne, "Mutumen Sabon Gari shina lahiya?" Ni kuwa jika, ba kunya tsakaninmu. Da ta hango ni za ta fara, "Ga mijina mai rowa nan, ko zane bai taɓa yi man ba." Wata rana ƙyallen ya kwance mini a hanya, na shigo da murfi a karkace, sai ta daina wasan ta ce, "Abin da anka ba ka a ruhe shi na kyauta. Wanda anka ba ka a buɗe, shela ta." Na ce to, ina ta leƙen ƙuli-ƙuli.

A shekarar da nake ba da labari ina aji biyar na sakandare, kuma Kaka tana kiwon rago. Fari ne mai baƙin kunne ɗaya, an ɗaure shi a turke gindin dogon yaron tsakar gida. Tun yana ɗan ƙarami ta saye shi, na kuma san da abin da Baba ke cusawa ƙarƙashin sabulu aka haɗa. Ta shagwaɓa ragon nan fiye da jikokinta. Dusa da harawa da ƙasari ba sa yanke masa, in an yi ruwa ta kai shi ƙarƙashin rumfa, ta tsaya tana yi masa faɗa don ya taka kwanon ruwansa. Da na tsokane ta na ce gidan mahauta guda me ake da wahalar kiwo, sai ta rage murya. Duk shekara Baffa yana layya, amma naman layyarsa ba ya zuwa gidanmu, wannan tsohuwar magana ce da ba a tayarwa. Kaka ta ce, "Naman da ba nau ba, ba ni da iko da shi. Wanga kau nau na. Bana in Allah ya kai mu, wanda nig ga dama shi za ni ba." Da na faɗa wa Baba, kai kawai ya gyaɗa. Amma tun daga ranar, duk na dawo sai ya tambaye ni lafiyar rago.

Babbar Sallah ta shekarar ta faɗo cikin damina, daidai dogon hutu. Ana saura kamar mako biyu sai ga baƙi a cocinmu, matasa ne daga wata coci a Jos, sun zo aikin sa kai na mako guda. Mota guda suka cika, maza da mata, sa'o'ina da waɗanda suka ɗan girme ni, kowa da riga mai ruwan ɗorawa iri ɗaya. Aka sauke su a azuzuwan makarantar coci. Tun ranar farko suka fara kukan zafi, alhali mu muna cewa gari ya yi sanyi. Sauron Sakkwato kuwa ya yi musu maraba yadda ya kamata. Suna jin Hausa sarai, irin tasu, su yi mana dariya mu yi musu. Jagoransu ɗan jami'a ne mai jita da yawan fara'a, kowa na ce masa Shugaba. Akwai kuma wata yarinya mai gilashi da aka ɗora wa ɗaukar hoto da waya, don a nuna wa cocinsu idan sun koma. Ba zan ɓoye ba, saboda ita na riƙa goge rigar da aka ba ni kowace safiya.

Da aka zauna shawarar inda za a yi aiki, fasto ya ce a share makarantar coci a yi mata fenti. Shugaba ya ce su ba don su yi wa kanmu aiki kaɗai suka zo ba, suna so su shiga cikin gari su taimaki maƙwabta. Nan na ɗaga hannu. Na ce na san wani lungu a Ƙofar Atiku da kwatarsa ta toshe, duk aka yi ruwa sai ya shiga zaurukan mutane. Gaskiya na faɗa, don da idona na ga Kaka tana kwalfe ruwa da ƙwarya. Fasto da wani dattijon coci suka je wurin mai unguwa. Ya amince, da sharaɗin ba wa'azi, ba waƙa, 'yan mata su rufe kai, kuma kada namiji ya shiga gidan kowa. Baba ya ji inda za a je, ya dube ni ya ce, "Kwata kawai, ko?" Na ce kwata kawai.

Aikin kwatar nan kuwa an yi shi, kuma har yau ba na jin kunyarsa. Muka shiga da shebur da manjagara da baro, muka riƙa zaƙulo leda da robobi da tsumma da wani baƙin taɓo da warinsa ke bin mutum har barci. 'Yan Jos ba ragwaye ba ne. Na ga yarinyar da aka ce ubanta likita ne ta tsunduma har gwiwa tana jan buhun da ya ruɓe. Da farko mutanen lungu tsayawa suka yi suna kallo, kamar an kawo wasan kura. Kafin azahar samarin unguwa suka fara karɓar shebur. Wani tela ya fito da nasa baron. Washegari da safe har da masu yi mana sannu da aiki tun daga bakin titi. Baffa ya wuce mu zai tafi mahauta, ya dubi kwatar, ya dube ni, ya ce, "Madalla." A iya sanina wannan ce kalma mai daɗi ta farko da ya taɓa faɗa mini, na yini ina jin kaina wani ne.

Ranar ce Kaka ta aiko da ƙwaryar fura, ta biyo bayanta har bakin zaure, ta tsaya daga ciki tana leƙe. Tana ganina cikin taɓo ta ɗaga murya, "Lalle yau na ga abin mamaki. Mijina ka aiki! Ku riƙe shi nan, kak ku bari shi gudu." 'Yan Jos suka kwashe da dariya, suka yi ta tambayar wace ce. Na ce kakata ce, uwar babana. Ba su zaci haka ba, sai 'yan matan suka nemi izini suka shiga gaishe ta. Da suka fito, mai gilashi ta tambaye ni ko mijin Kaka yana da rai. Na ce ya daɗe da rasuwa. Ta ce ta ga rufin ɗakinta yana yoyo, ta ga tabarmarta ta tsufa. Na ce ai haka tsofaffi suke, ko an saya musu sabuwa sai su ɓoye. Ta gyaɗa kai tana kallona da tausayi, ni kuwa wawa na ɗauka kallon wani abu ne daban.

Ranar Juma'a aka gama. Aka zuba ruwa daga saman lungu, ya bi kwata ya wuce sumul, yara na bin sa da gudu suna ihu. Mun wanke kayan aiki ke nan, la'asar ta yi, maza sun fito masallaci sun zazzauna a dakali, har da Baffa da mai unguwa. Sai ga motar 'yan Jos ta kutso cikin lungun da baya, ta tsaya daidai ƙofar gidan Kaka. Ban san da maganar ba. Daga baya na ji sun haɗa kuɗin guzurinsu ne don su ba ni mamaki, su karrama ni saboda na kawo su.

Suka sauke buhun shinkafa da jarkar mai da sabuwar tabarma a tsakiyar hanya. Samari biyu suka ware wani ƙyalle mai faɗi da suka zo da shi tun daga Jos, an rubuta da manyan baƙaƙe, da Turanci da Hausa, cewa taimako ne ga gwauraye da marasa galihu. Har yau in na tuna ƙyallen nan sai raina ya ɓaci. Wa ya aike su rubuta shi da Hausa? 'Yan mata suka shiga suka riƙo hannun Kaka suka fito da ita, tana gyara mayafi, tana tsammanin sallama za a yi. Shugaba ya yi gyaran murya. Ya ce sun ga halin da wannan tsohuwa take ciki, ba miji, ba mai taimako, zuciyarsu ta karye. Ya ce wannan ɗan abin ba yawa, amma kada ta sake kwana da yunwa. Yana faɗa yana share hawaye, kuma na rantse hawayen gaskiya ne.

Ina tsaye kusa da baro. Na so ƙasa ta tsage in shige. Mai gilashi ta ce Kaka ta dafa buhun, ta ɗan ɗago kai, ta ce ni ma in matso in tsaya gefenta. Aka turo ni. Sai ga ni da rigata mai ruwan ɗorawa, ga kakata da hannu bisa buhu, ga ƙyalle a bayanmu, ga mazan unguwa kaf suna kallo. Daga dakali wani ya ce, ba da ƙarfi ba amma kowa ya ji, "Ashe gidan mahauta yunwa aka yi ba mu da labari?" Wani ya yi tari don ya danne dariya. Na saci kallon Baffa. Mutumin da ke ciyar da gidan nan safe da dare, wanda bai taɓa cin abinci ba sai ya tabbatar an kai wa Inna nata, yana zaune ya sunkuyar da kai yana murza hularsa.

Kaka ba ta nuna komai ba. Ta ce, "Mun gode. Allah shi saka da alheri, shi mai da ku gida lahiya." Ta sa yara suka shigar da kayan, don ba a mayar da hannun kyauta baya. Ta juya ta shige, ba ta kalle ni ba. 'Yan Jos suka yi tafi, suka hau mota suna murna. Baƙo ko da ido makaho ne, ba wanda ya lura da komai a cikinsu. Ni na tsaya tattara shebur, sai Baffa ya taso ya zo dab da ni. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Kun gama tona muna asiri? Tau, kai da kwanonka, kak in sake ganin ku ƙohwar gidan ga."

Na koma gida a ƙasa, ban ko nemi babur ɗin kabu-kabu ba. Kwanon ranar yana nan a ɗaure yana jirana, na ce wa Baba na gaji, sai wani makon. Ya tambaye ni yaya aka ƙare, na ce ruwa ya wuce. Ya ji daɗi. Na shiga ɗaki na cire rigar na cusa ƙarƙashin katifa. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma wannan karon ba ni kaɗai ya doka ba. Abin da ya fi damuna shi ne yadda zan gaya wa Baba cewa 'yar hanyar da ta rage tsakaninsa da uwarsa ta toshe ranar da muka buɗe kwata.

Da sassafe sai ga ɗan Baffa a ƙofarmu, wanda bai taɓa zuwa gidanmu ba. Ya tsaya daga waje ya ce Kaka na kirana. Na bi shi. Muna shiga lungu na hango mutane a ƙofar gida. An fito da ragon. Ba a tsakar gida ba, a waje, daidai inda aka ajiye buhu jiya. Baffa ya naɗe hannun riga yana riƙe da wuƙa, fuskarsa a murtuke. Na wuce shi na shiga, bai hana ni ba. A tsakar gida an kafa manyan tukwane, matan gida na wanke shinkafa, buhun jiya a buɗe a gefensu.

Na durƙusa gaban Kaka na ce, "Kaka, Sallah hwa saura kwana kaɗan." Ta ce ta sani, ita ma tana ƙidaya. Na ce ga Baffa nan da nama a mahauta, in dafa wa baƙi ake so. Ta ce, "Bahwanka ya ce haka nan, har rantsuwa yay yi. Amma ba shi anka tsai da bakin hanya ba, ni anka tsai da. Jiya unguwa ta ga an ba ni sadaka. Yau za ta ga baƙi nika rakiya." Na fara kuka, ina cewa wallahi ban san za su yi haka ba. Ta ce, "Na sani. Su ma ba su sani ba. Ɗiyan kirki na, sun yi muna aiki. Tashi, namiji da kuka, shi ya sa nika son in sake miji." Ta yi wasan ne don in daina, amma muryarta ba ta wasa ba ce. Daga waje na ji Baffa ya yi bisimilla. Kaka ta juya baya ta shiga gyara wutar da ba ta bukatar gyara.

Kafin azahar an gama. Shinkafa dafa-duka a manyan farantai, nama soyayye a kai tuli, har da kayan ciki a kwano daban. Matar Baffa ta ɗauko faifai za ta rufe, Kaka ta ce a bari. Matar da ta yi mini faɗa don murfi ya karkace, ita ce ta ce a fita da abincin nan a buɗe. Yaran gida suka jeru da farantai a ka, Baffa a gaba da babbar rigarsa, aka bi lungun a hankali daga wannan kai zuwa wancan kafin a sa a mota. Duk wanda ya tambaya, Baffa ya ce, "Inna ta ka sallamar baƙinta." Mutumin jiya mai maganar yunwa yana zaune a dakalinsa, ya ce kai, wannan hidima haka. Kafin mu tashi Kaka ta kira ni ta ce abu biyu. In gaya wa yarinyar nan mai gilashi ta ɗauki hoton wannan ma. Kuma mutumin Sabon Gari kada ya ji daga ina naman ya fito.

Baffa bai shiga harabar coci ba, a bakin ƙofa ya tsaya. Baba ya fito, suka gaisa a tsaitsaye kamar waɗanda suka haɗu a tasha. Baffa ya ce Inna ta ce a gai da baƙi, ya juya. Baba ya daɗe yana kallon bayansa, sannan ya ce mini, "Ka ga Baffanka, har da naman shagonsa." Na ce e. 'Yan Jos kuwa suka zauna suka ci shinkafarsu da kansu ba su sani ba, suna santi. Da yamma wurin sujadar bankwana Shugaba ya tashi ya ba da shaida, ya ce sun ba da kaɗan, Ubangiji ya mayar musu ninki, kuma ta hannun wadda suka taimaka. Aka yi ta tafi. Mai gilashi ta kawo mini faranti ta ce ban ci komai ba. Na duba, na ce cikina ke ciwo. Na so in gaya mata, na rasa ta inda zan fara, kuma me zai ƙara in ban da ita ma ta tafi da kunya? Washegari suka tafi suna ɗaga mana hannu. Ban karɓi lambarta ba.

A Sakkwato ba a rabon naman layya ranar Sallah. Ana yankawa ne a feɗe, a tsire ragunan a sanduna a jera su kewaye da wuta a ƙofar gida, sai washegari a sauke a raba. Washegarin ne Baba ya ɗauko kwano da kansa, ya sa turare da sabon mayafi a ciki, ya ɗaure. Ya sa rigarsa mai kyau ko da yake ba inda za shi. Ya ce, "Ka yi wa Inna barka da Sallah." Na karɓa, ban san ko za a bar ni in shiga ba.

Na tarar da Baffa a ƙofar gida yana sauke ragonsa daga sanda. Guda ɗaya ne, inda ya kamata a ga biyu. Na yi sallama na tsaya nesa da kwano a hannu. Ya dubi kwanon, ya dubi ɗaurin ƙyallen, ya ci gaba da aikinsa. Can ya ce, "Tana ciki." Na shiga. Turken yana nan gindin dogon yaro, an share wurin tas. Kaka na zaune a tsohuwar tabarmarta, yaran maƙwabta na shigowa ɗaya bayan ɗaya da kwanoni a rufe, irin rabon da ake kai wa wanda bai samu yin layya ba. Tana karɓa tana cewa an gode, a gai da mutan gida. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan zama ba, har na kasa ɗaga ido in amsa gaisuwar yaran.

Ta karɓi kwanonmu ta shige ɗaki. Wannan karon ba ta saki labule ba, ina ganinta. Ta buɗe kwanonin maƙwabta ɗaya bayan ɗaya, tana zaɓar tsoka mafi kyau daga kowanne tana sawa a namu, har ya cika. Na Baffa da aka shigo mata da shi yana gefe, ba ta taɓa shi ba. Ta rufe, ta ɗaure, ta miƙo mini. Ta ce, "Ka kai ma mutumen Sabon Gari. Ka ce ina mai barka da Sallah."

Baba na zaune a ƙofar ɗaki yana jirana. Ya karɓa da hannu biyu, ya kwance ƙyallen a hankali, ya ɗaga murfi. Na ga fuskarsa ta washe. Sai ya sa yatsa ya juya tsoka ɗaya, ya juya wata. Baba ya bar gidansu da daɗewa, amma ɗan mahauci ne, tun yana yaro yake riƙe ƙafar dabba ana fiɗa. Ga na rago, ga na akuya, ga wani yanki ja mai kauri da ko ni na san na shanu ne. Ya daɗe yana kallon kwanon. Ya ɗago ya dube ni, na dubi ƙasa. Mahaifiyata ta leƙo daga madafa ta tambaya ko an samu na Inna.

Baba ya ce, "An samu. Ragon Inna ya yi kyau bana." Ya mayar da murfin ya rufe.